Kwandon da Ya Ɓace: Maimaita Hoton Eksire daga Zamanin Fim zuwa na Dijital

A kowane sashen ɗaukar hoton eksire na asibiti akwai wani lissafi da ba kasafai majiyyaci yake jin labarinsa ba, wato yawan hotunan da aka ɗauka sannan aka ƙi karɓarsu, aka ce a sake. Ma'aikatan sashen suna auna shi da kaso: idan aka ɗauki hoto 100 aka yi watsi da 8, adadin maimaici ya zama kashi 8 cikin 100. A kan takarda lamba ce kawai, amma ga mutumin da aka tsayar a gaban na'ura, kowane maimaici yana nufin an ratsa jikinsa da hasken eksire sau biyu domin amsa tambaya ɗaya da likita ya yi. Lokacin da asibitoci suka fara barin fim suna komawa ga na'urorin dijital, an sa ran wannan lamba za ta faɗi warwas, tun da kwamfuta tana iya gyara hoton da ya yi duhu ko ya yi fari. Abin da ya faru ya sha bamban da haka. Maimaici yana nan daram; dalilansa ne suka sauya, kuma shaidar da ake ƙirga shi da ita ta ɓace daga idon mutane.

Ni ɗalibin harshe ne, ta ƙofar harshe kuma na shiga wannan fage. A lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na biyu, wanda ya shafi yadda ma'aikatan lafiya ke yi wa majiyyata bayani da Hausa, na shafe makonni ina zama a sashen hoto na asibitoci biyu a wani birni na Arewa. Ɗaya yana wanke fim har zuwa lokacin, ɗayan ya riga ya koma dijital. Aikina shi ne in saurari abin da ake faɗa, kuma duk wanda ya zauna a irin wannan wuri ba zai daɗe ba kunnensa zai kama wata jimla da ke yawan dawowa: "Yi haƙuri, za mu sake." Bin sawun wannan jimla ne ya kai ni ga karanta abin da masana fannin suka rubuta da kuma yi wa ma'aikata tambayoyi a kan aikinsu. Abin da na fahimta shi zan shimfiɗa a nan, domin ina ganin manazarta Hausa suna da rabo a cikinsa fiye da yadda za a zata.

Fim: kuskuren da ke tona kansa

Tun daga ranar 8 ga Nuwamba, 1895, da Wilhelm Rontgen ya gano wannan haske a Jami'ar Wurzburg ta ƙasar Jamus, tushen aikin bai canza ba. Na'ura tana sako haske ya ratsa jiki. Ƙashi ya tare kaso mai yawa, tsoka ta tare kaɗan, iskar da ke cikin huhu kuwa ta bar shi ya wuce kusan duka. Abin da ya tsira ya isa ɗaya gefen shi ke zana inuwar da ake kira hoto. Bambancin da ke tsakanin tsohon tsari da sabo yana ga abin da aka ajiye a bayan majiyyaci domin ya karɓi inuwar.

A tsohon tsari fim ne ke karɓa, wato leda mai kauri da aka shafe da sinadarin azurfa, aka kulle a cikin kaset tsakanin alluna biyu masu walƙiya idan hasken ya taɓa su. Bayan an ɗauka sai a kai ɗakin duhu, a tsoma fim a ruwan da ke fito da hoto, a mayar da shi ruwan da ke kafe hoton, a ɗauraye, a busar. Injin wanki yana gama wannan duka cikin kimanin daƙiƙa 90. Inda babu inji, hannu ne da agogo da ƙwarewa.

Fim ba shi da haƙuri. Iyakar hasken da yake iya karɓa ya ba da hoto mai amfani ƙunƙuntacciya ce ƙwarai. Idan haske ya yi yawa ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi, idan ya yi kaɗan ya fito fari fayau, babu abin karantawa a ko wanne. Ma'aikaci kuma da ido yake kimanta kaurin jikin wanda ke gabansa kafin ya zaɓi ƙarfin wuta da yawan hasken da zai sako. Ko ya dace da wannan, ɗakin duhu yana da nasa tarko: ruwan wanki ya tsufa, ko haske ya kutso ta tsagar ƙofa, ko wutar lantarki ta ɗauke fim yana tsakiyar inji. A ƙasarmu zafi ma abokin gaba ne, domin ruwan wankin hannu an tsara shi ya yi aiki a ma'aunin zafi kusan 20, alhali a watan Afrilu ɗakin kansa yana iya kusantar 40. Shi ya sa a zamanin fim babban dalilin maimaici shi ne kuskuren yawan haske da na wanki.

Sai dai wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da aka rasa ta. Duk hoton da ya lalace abu ne da ake iya riƙewa a hannu. A asibitin farko da na zauna akwai kwando a lungun ɗakin duba hoto inda ake jefa su, kuma ba a zubar da su, saboda azurfar da ke jikinsu tana da masu saye. A ƙarshen wata shugaban sashe yakan zazzage kwandon a kan tebur, ya ware waɗanda suka ƙone gefe guda, waɗanda suka yi fari gefe guda, waɗanda majiyyaci ya motsa gefe guda, ya ƙirga. Mai kula da sito shi ma ya san yawan fim ɗin da ya fitar. Wani dattijon ma'aikaci a wurin yakan ɗaga lalataccen fim ga fitila ya faɗi wanda ya ɗauke shi ba tare da ya duba sa hannu ba, domin kowa da irin kuskurensa. Ma'aikacin da ya san fim kuɗi ne, ya kuma san kwando yana jiransa, yakan tsaya ya daidaita majiyyaci sosai kafin ya danna maɓalli.

Abin da dijital ya gyara

A shekarar 1983 kamfanin Fuji na ƙasar Japan ya fito da tsarin da ya maye gurbin fim da wani faranti mai ajiye inuwar haske a jikinsa. Ana zura farantin a cikin inji, hasken leza ya karanta shi layi-layi, hoto ya bayyana a allon kwamfuta, sannan a goge farantin a sake amfani da shi. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka samu allon da ke aika hoto kai-tsaye zuwa kwamfuta cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba sai an ɗauki kaset an kai ko'ina ba.

Babbar nasarar waɗannan na'urori ita ce faɗin iyakar hasken da suke iya karɓa. Hasken da zai ƙone fim, ko wanda zai bar shi fari, duk na'urar dijital tana iya mayar da shi hoto mai matsakaicin duhu, saboda manhaja ce ke daidaita launin bayan an ɗauka. Likita yana iya ƙara haske ko rage shi a kan allo, ya dubi ƙashi da tsoka a hoto ɗaya, ya faɗaɗa inda yake shakka, ya aika wa abokin aikinsa a wani gari. Ɗakin duhu da ruwan wanki da warinsu duk sun tafi. Binciken farko-farko ya nuna raguwar maimaici: wani nazari da aka buga a 1999 a kan asibitin Hammersmith da ke Landan ya samu kashi 9.9 cikin 100 a zamanin fim, ya sauka zuwa 7.3 bayan an koma duba hoto a kwamfuta.

Dangane da ingancin hoton kansa, kowane tsari yana da inda ya fi ƙarfi. Fim ya fi iya rarrabe abubuwa ƙanana da ke maƙwabtaka da juna, domin hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, kuma faɗin kowane ɗigo a yawancin na'urori yana tsakanin milimita 0.1 da 0.2, abin da ya fi ɗigon ƙanƙanta ba zai fito da siffarsa ba. Dijital kuwa ya fi iya bambance inuwoyi masu kama da juna, wanda shi ne abin da likita ya fi buƙata a yawancin lokuta. Hoto guda yana iya ɗaukar matakan launi 4,096 ko fiye tsakanin fari da baƙi, alhali allon kwamfuta na gama-gari 256 yake nunawa a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa ake da allo na musamman domin karanta hoton asibiti, kuma shi ya sa hoton da aka ɗauka da waya daga fuskar kwamfuta aka tura ta WhatsApp, kamar yadda na sha ganin ana yi, ya riga ya zubar da kaso mai yawa na abin da aka haska majiyyaci dominsa.

Abin da dijital ya ɓoye

Haƙurin da na'urar dijital take da shi ya zo da illarsa. Idan haske ya yi kaɗan, hoton yakan fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa rairayi, likita ya yi ƙorafi. Idan ya yi yawa, hoton yakan fito tas, sumul, kowa ya yaba. Ma'aikacin da aka taɓa dawo masa da hoto saboda ɗige-ɗige zai ƙara haske kaɗan domin ya huta, na bayansa ya tarar da wannan ma'auni ya ɗora nasa a kai, a hankali yawan hasken da sashe ke bai wa mutane ya hau ba tare da kowa ya yanke shawarar hakan ba. Tsadar abin kuma ba kaɗan ba ce, domin a ƙa'idar kimiyyar haske, kafin a rage ɗige-ɗigen da rabi sai an ninka hasken sau huɗu. Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Kare Mutane daga Illar Irin Wannan Haske ta yi gargaɗi a kan wannan hali a rahotonta na 93 da ya fito a 2004. A 2008 aka fitar da ma'auni na bai-ɗaya da na'ura ke nunawa a gefen kowane hoto, tare da wata lamba da ke faɗin nisan da aka yi daga abin da ya kamata: sifili na nufin an dace, 3 a sama na nufin an ninka hasken sau biyu, 3 a ƙasa na nufin an ba da rabi. Lambar tana nan a kan allo, amma sai mai niyya yake dubanta, domin hoton da ke kusa da ita bai nuna alamar wata matsala ba.

Haka nan, manhaja tana ba da damar datse gefen hoto bayan an ɗauka. A zamanin fim, idan ma'aikaci ya buɗe hasken ya haɗa da ciki alhali ƙirji aka nema, fim zai nuna. Yanzu ana iya datse abin da ya wuce iyaka a aika wa likita hoto tsaf, amma cikin majiyyaci ya riga ya sha hasken.

Babban abin da ya ɓace shi ne kwando. A asibiti na biyu da na zauna, hoto yakan bayyana majiyyaci yana tsaye a inda yake. Idan bai yi ba, sai a danna maɓalli ya ɓace, a ce masa ya ɗan gyara tsayuwa, a sake. Duk abin bai kai minti ɗaya ba, babu fim da aka ɓata, babu sito da zai tambaya, sau da yawa ma majiyyacin bai san an ɗauke shi sau biyu ba. Yawancin na'urori suna iya ajiye tarihin hotunan da aka ƙi, har su nemi a zaɓi dalili, sai dai wannan tarihi yana cikin kwamfuta, ba a lungun ɗaki inda kowa zai yi tuntuɓe da shi ba.

Inda aka tono tarihin, lambobin sun ba da mamaki. Wani nazari da aka buga a 2012 a ƙasar Norway, a kan sashen da ke aiki da allon kai-tsaye, ya samu maimaici kashi 12 cikin 100, kuma kashi 77 cikin 100 na hotunan da aka ƙi, kuskuren daidaita jikin majiyyaci ne ya jawo su. Wani nazarin a ƙasar dai, na 2015, ya samu kashi 11 cikin 100. Wato an koma inda ake a zamanin fim, ko ma an ɗan zarce, a ƙasar da ba ta da matsalar wuta ko ta kayan aiki. A 2015 ɗin ne kuma ƙungiyar masana fiziyar asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a riƙi kashi 8 cikin 100 a matsayin abin da ake nema, a yi bincike idan an kai 10. Abin lura shi ne sun sa iyaka ta ƙasa ma, kashi 5, domin sashen da ba ya ƙin hoto ko kaɗan, ko dai yana tura wa likita hotuna marasa amfani, ko kuwa ba ya ƙirga abin da yake gogewa.

Tsayuwa da numfashi

Idan kuskuren daidaita jiki ne ya zama kan gaba, ya kamata a san abin da ake nema. A hoton ƙirji, wanda shi aka fi ɗauka, majiyyaci yana tsayawa ya manna ƙirjinsa da allo, na'ura tana bayansa da nisan santimita 180. Zai ɗaga haɓa, ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu, ya turo kafaɗunsa gaba domin allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Kada ya karkace, domin ana auna daidaitonsa da nisan ƙasusuwan gindin wuya biyu daga tsakiyar ƙashin baya. Sannan ya cika huhunsa da iska ya riƙe, ta yadda za a iya ƙirga haƙarƙari tara ko goma ta baya a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Idan bai cika huhun ba, ƙasan huhu yakan cushe ya yi kama da mai ciwo, zuciya kuma ta yi kamar ta kumbura, alhali likita yana zargin kumburin zuciya ne idan faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji. Lafiyayyen mutum yana iya fitowa mara lafiya a hoto saboda numfashi kawai.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da manhaja za ta iya gyarawa. Dukkansu majiyyaci ne zai yi su da jikinsa, kuma da baki ake gaya masa, sau da yawa daga bayan bangon darma inda ma'aikaci ya fake. A nan ne aikin ya koma hannun harshe.

Ma'aikatan da na saurara da Ingilishi suka yi karatu, kowa kuma shi ya fassara wa kansa umarnin da yake bayarwa. Wani yakan ce "yi numfashi", majiyyaci ya ci gaba da shaƙa yana fitarwa, tun da abin da kalmar ke nufi ke nan. Wani ya ce "ja dogon numfashi", wanda a bakin Bahaushe ya fi kusa da ajiyar zuciya, a ja a sauke. Sai maɓalli ya faɗa daidai lokacin saukewar. Na ji wanda ya ce wa wata tsohuwa "ɗauke numfashinki", ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, domin a kunnenta numfashi yana ɗaukewa ne ga mai suma ko mai barin duniya. Kalmar "tsaya" tana nufin miƙewa a kan ƙafa, tana nufin daina motsi, tana kuma nufin a dakata. Na ga wanda aka ce wa "tsaya" ya saki jikinsa ya sauke hannuwa yana jiran umarni na gaba. "Juya kaɗan" ba ta faɗi gefe ba, ba ta faɗi gwargwado ba, a hoton gwiwa ta gefe kuwa, wanda yana cikin waɗanda aka fi maimaitawa a ko'ina, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya ɓata aikin.

Akwai wata ma'aikaciya a asibiti na biyu da ban cika jin ta ce za a sake ba, sai na mayar da hankali ga yadda take yi. Ba ta zuwa bayan bango sai ta gwada wa mutum a gabansa. Na ji ta da wani dattijo da ya zo daga ƙauye:

"Baba, ku dube ni tukuna. Za ku shaƙi iska har ƙirjinku ya cika, kamar haka. In ya cika ku riƙe ta a ciki, kada ku sake ta sai kun ji na ce a huta. Mu gwada."

"To, 'yata. Haka?"

"Haka fa, Baba. Akwai laya ko wani abu a jikinku? A cire a ajiye nan kusa da ku, ba mai taɓawa."

Tambayarta ta ƙarshe ta shafi wani dalilin maimaici da ke da alaƙa da suturarmu. Laya da guru da kambu, jigida da sarƙa da fil ɗin mayafi, duk suna iya fitowa a hoto su rufe abin da ake nema, har jelar kitso idan ta kwanta a kafaɗa tana iya yin inuwa a saman huhu mai kama da tabon cuta. Tambayar da aka saba yi ita ce "akwai ƙarfe a jikinka?", mai laya kuma zai ce babu da gaskiyarsa, tun da fata ya sani. Macen da kunya ta hana ta ambaci jigida ga namiji ita ma za ta ce babu. Hoto ya fito, a gani, a sake.

Hoto, kyau da haske

Kalmomi uku da muke amfani da su a wannan fage suna sauƙaƙa maimaici a zukatan mutane. Ta farko ita ce "hoto". Bahaushen yau ya saba da hoton waya, wanda ake ɗauka goma a zaɓi ɗaya ba tare da asarar komai ba, don haka idan aka ce masa za a sake hoto ba ya ganin abin tambaya. Ta biyu ita ce "kyau". Ana cewa "bai yi kyau ba", alhali ma'aunin hoton asibiti shi ne ko ya amsa tambayar likita. Hoton da ya ɗan karkace amma ya nuna karayar da ake nema ya biya buƙata, kuma sake shi domin ya yi tsaf shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Sauƙin da allon kai-tsaye ya kawo yana jan ma'aikaci zuwa irin wannan gyara. Ta uku ita ce "haske", kalmar da a Hausa ba ta ɗauke da komai sai alheri: hasken ilimi, hasken fuska, hasken rana. Wanda aka ce za a haska shi ba ya jin an ambaci wani abu mai illa.

Illar kuwa tana buƙatar a faɗe ta daidai gwargwadonta. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. A matsakaicin lissafi na duniya, kowane mutum yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Hoton ƙirji guda ta baya kimanin 0.02 ne, wato daidai da na kwana uku. Binciken ƙashin baya na ƙasa, wanda ya ƙunshi hoto fiye da ɗaya, yana kai wa kimanin 1.5, fiye da na wata bakwai ke nan. Hoto ɗaya ba abin tsoro ba ne, kuma gudun hoton da likita ya nema ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Amma ƙa'idar da masana kariya suke aiki da ita ita ce kowane ƙari yana ɗauke da ɗan haɗarin ciwon daji, ya fi yawa ga yara, don haka ba a yarda a ba mutum ko kaɗan ba sai da amfanin da ya rinjaye shi. Hoton da aka goge bai amfani kowa ba. A ɗauka sashe yana ɗaukar hoto 100 a rana, yana ƙin 10, yana aiki kwana 300 a shekara: an haska jikin mutane sau 3,000 ke nan a banza, ban da lokacin masu jira a layi da tsufan na'urar da kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin asibitocinmu.

Lamarin zai ƙara girma. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji na dijital domin tantance masu shekara 15 zuwa sama. Wannan ya sa na'urorin tafi-da-gidanka suna shiga kasuwanni da ƙauyuka, inda ake ɗaukar mutane da yawa a rana ɗaya, yawancinsu ba su taɓa tsayawa a gaban irin wannan allo ba. Manhaja abin da aka ba ta take karantawa. Idan huhu bai cika da iska ba, a kan wannan hoton za ta yanke hukuncinta.

Kammalawa

Komawa ga fim ba mafita ba ce, kuma babu ma'aikacin da na zanta da shi da yake kewar ɗakin duhu. Abin da ake buƙata shi ne a dawo da aikin da kwando yake yi. Kowane sashe ya kunna tarihin hotunan da aka ƙi, ya hana gogewa ba tare da an rubuta dalili ba, ya zauna a ƙarshen wata ya ƙirga bisa ga sashen jiki da kuma dalili, ya dubi lambar yawan haske tare da su. A yi hakan da niyyar koyarwa, domin idan ya zama hanyar hukunta ma'aikaci, zai daina ƙin hoton da ya cancanci a ƙi, lambar ta yi kyau majiyyaci ya cutu. Ƙasar tana da hukumomin da za su iya mayar da wannan ƙa'ida: Hukumar Rajistar Masu Ɗaukar Hoton Asibiti, wadda Doka ta 42 ta 1987 ta kafa, da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001.

Rabonmu manazarta harshe ya fi wannan ƙanƙanta, amma yana hannunmu. Umarnin da ake bayarwa a ɗakin hoto bai wuce jimla goma sha ba. Ana iya tattara yadda ake faɗarsu a Kano da Sakkwato da Zariya da Damagaram, a zauna da masu aikin, a gwada kowace jimla a kan masu sauraro na gaske, maza da mata, tsofaffi da yara, a ga wadda ke sa mutum ya cika huhunsa ya riƙe a karon farko. A samar wa hasken suna da bayanin da ke faɗin gaskiyarsa ba tare da firgitarwa ba, a kuma tsara tambayar da za ta sa mai laya da mai jigida su amsa ba tare da kunya ta shiga tsakani ba. Irin wannan aiki yana da ma'aunin da ba kasafai binciken harshe yake samu ba: a ƙirga maimaicin hoton ƙirji a sashe na wata uku kafin a sauya jimlolin, a sake ƙirgawa wata uku bayan an sauya, a kwatanta.